Shahada Daban, Ijaza Daban: Ruɗanin Takardu a Ƙasar Adar

A Barmu, kamar sauran garuruwan arewacin Adar, kalma guda ce ake kiran kowace takarda mai hatimi da ita: dipulom. Birbe dipulom ne, bak dipulom ne, lisans ɗin jami'a dipulom ne, haka ma takardar da yaro ya samo bayan shekara biyu yana koyon walda ko ɗinki. Uban da ya ƙare ƙuruciyarsa wajen biɗa a Abijan ko Libiya, yana aiko da kuɗin littafi da na hayar ɗaki a Tawa, ranar da ɗansa ya shimfiɗa masa takardar a kan tabarma, tambaya ɗaya yake yi: «To, yanzu wane aiki ka iya?» Amsar da ya fi samu ita ce: «Baba, sai an buɗe konkur.» Tsoho ya yi shiru, yaro ya yi shiru, kowannensu yana ganin ɗayan bai fahimce shi ba. Alhali babu maƙaryaci a cikinsu. Uban ya tambayi abin da takardar ba ta taɓa yin alkawarinsa ba, ɗan kuma an bar shi ya yi shekaru yana zaton ta yi.

Takardu iri biyu ne, kuma haɗa su cikin suna ɗaya ya jawo wa ƙasar nan hasarar da har yau ba a ƙididdige ba. Ta farko shahada ce ta karatu: lisans, masta, dokta. Jami'a ce ke ba da ita, tana mai shaida cewa wane ya zauna shekaru kaza, ya karanci fanni kaza, ya san tushensa da hanyoyin bincikensa. Da zarar an ba da ita ta zama ta mai ita har kabari. Ko ya manta duk abin da ya karanta, ko ya yi ɓarna a wurin aiki, babu mai ƙwace ta, sai in an gano satar amsa ko jabu. Ta biyu kuwa izini ce ta aiki. Tana cewa: an gwada hannun wane a gaban waɗanda suka riga shi cikin sana'ar, an yarda a damƙa masa ɗan wani, ko jikin wani, ko dukiyar wani, ko shari'ar wani. Wannan tana da sharaɗi, tana da rantsuwa, tana da masu sa ido, kuma ana iya dakatar da ita ko a soke ta. Shahada tana ba da labarin abin da ya wuce ne a rayuwar mai ita. Izini kuwa amana ne da jama'a ke riƙe da igiyarsa.

Kowa ya san wannan bambanci idan aka zo ga mota. Ba wanda zai hau bayan direba daga Barmu zuwa Tawa don kawai ya haddace littafin dokokin hanya, sai an tabbata ya riƙe sitiyari a gaban mai jarrabawa an ba shi farmi. Amma mutumin da ba zai ba da ransa ga irin wannan direba ba, shi ne zai miƙa ɗansa na shekara tara ga wanda bai taɓa koyon tsayuwa a gaban allo ba, don an ce masa yana da dipulom.

Abin takaici shi ne, ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga wannan rarrabewa. Tun kafin a kafa lakwal ta farko, malaman zaure suna da ijaza: malami ya ba almajiri izinin karantar da littafi takamaimai, da sunan wanda shi ma ya karɓa daga gare shi, har silsila ta kai ga mawallafi. Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda tarihinsa ke ɗaure da Agadas da ƙasar Adar, ta wannan hanya ya yaye Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi, kuma Abdullahi ya bar littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, yana lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka. Ijaza ba ta cewa wane «ya yi karatu» a dunƙule. Tana faɗin me, daga wa, kuma malamin da ya ba da ita ya jingina mutuncinsa a kanta. A tsangayar Alƙur'ani ma, sauka daban take da zama gwani. Gwani sai gwanaye sun zauna sun tankaɗe shi sun rairaye, sun ga ya rubuta ba tare da duba ba. A ɓangaren sana'o'i kuwa, Sarkin Maƙera da Sarkin Aska da Sarkin Magina da Sarkin Fawa su ne ke sanin wanda ya isa ya buɗe maƙerarsa ko ya ɗauki zabira, su ne kuma ke tsawatar masa idan ya ɓata. Wannan tsari yana da aibinsa, kuma ba ƙarami ba ne: gado ya fi ƙwazo ƙarfi a cikinsa, ya rufe ƙofa ga wanda ba ɗan gida ba, ya kuma ƙasƙantar da wasu zuriyoyi saboda sana'ar kakanninsu. Amma dai bai taɓa rikita mai sani da mai izini ba.

Akwai ma wani abin dariya a tarihin kalmomin. Lisans, a jami'o'in Turai na zamanin da, ma'anarta izinin koyarwa, kuma har gobe a ƙasashen Magrib ijaza ake kiran wannan digiri da Larabci. Sunan ya zauna, aikin ya gudu. Yau mai lisans na tarihi ko na lissafi ba a koya masa ko sa'a guda ta yadda ake karantar da aji ba, amma sunan takardarsa yana ruɗin mai ɗaukar aiki.

Ruɗanin ya samo asali ne daga mulkin mallaka. Faransa ba ta gina jami'a ga talakawanta na Afirka ta Yamma ba sai a ƙarshen zamanta. Abin da ta gina makarantun aiki ne: William Ponty a Senegal don malamai da akawuna, da makarantar likitanci ta Dakar da aka buɗe a 1918. Waɗanda suka fito daga can sun iya aikinsu ƙwarai. Boubou Hama, wanda ya zama malamin makaranta a 1929, da Diori Hamani, duk ƴan Ponty ne. Félix Houphouët-Boigny na Kodibuwa likita ne daga makarantar Dakar. Sai dai takardunsu na gida ne, ba su da daraja a Faransa, kuma «likitan Afirka», kome gwanintarsa, yana ƙarƙashin Bature mai digirin dokta, albashinsa ma haka. Darasin da wannan ƙarni ya ɗauka mai ɗaci ne, kuma ba a ga laifinsu ba: takardar aiki ta bara ce, digiri na ubangida ne. Da aka samu ƴancin kai a 1960, sai aka gaji tsanin ma'aikata mai matakai A, B, C, D, inda yawan shekarun zama a aji ke yanke wa mutum matakinsa da albashinsa tun ranar da ya shiga. An kori Bature, an riƙe ma'auninsa.

Muddin gwamnati tana ɗaukar duk wanda ya fito, ciwon bai bayyana ba. Cibiyar karatu mai zurfi da aka buɗe a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973, tana yaye kaɗan, ofisoshi suna jiran su. Da kuɗin yuraniyom ya faɗi, tsare-tsaren tsuke bakin aljihu suka shigo, aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, ƙofar aikin gwamnati ta ƙuntata, sai digiri ya tsaya tsirara, aka ga ashe ba shi ne ke ba da aiki ba, gwamnati ce ke bayarwa.

Wurin da ɓarnar ta fi muni shi ne aji, kuma a nan ya kamata malamai su daure su saurari abin da ba shi da daɗin ji. Daga 1998, shekarar da aka kafa dokar da ta tsara manufofin ilimin ƙasa, aka fara ɗaukar ƴan sa-kai na ilimi, waɗanda daga baya suka zama ƴan kwantaragi. Manufar a fili take: a buɗe azuzuwa da yawa da kuɗi kaɗan. An buɗe su kuwa, kuma yaran ƙauyuka da dama da ba su taɓa ganin allo ba sun gani, wannan ba abin musu ba ne. Amma an yi haka ne bisa wata fatawa da ba a taɓa furta ta a fili ba, wato duk mai birbe ko bak zai iya koyarwa. Aka tura samari da ƴan mata cikin rumfunan zana bayan horon ƴan makonni, wasu ma babu. Cikin ƴan shekaru ƴan kwantaragi suka zama mafi yawan malaman firamare. A kwalejoji da lise kuma aka cike gurabe da masu lisans da ke aikin bautar ƙasa, alhali Babbar Makarantar Horon Malamai ta Yamai tana nan, kuma takardunta, irin su CAPES, don wannan aiki aka yi su. Wanda ya karanci ilimin zamantakewa sai a ba shi Faransanci, wanda ya karanci tattalin arziki a ba shi lissafin ƴan aji shida, wai ai duk karatu ne.

Koyarwa kuwa sana'a ce mai sirrinta, kamar ƙira. Sanin cewa bakwai sau takwas hamsin da shida ne bai isa ba. Sai an san dalilin da ya sa yaro ke cewa hamsin da huɗu, da yadda za a warware masa ba tare da bulala ba, da yadda za a riƙe yara tamanin a rumfa guda lokacin da iskar hunturu ke kwasar ƙura, da yadda za a gane wadda ta yi shiru don ba ta gane ba da wadda ta yi shiru don ba ta karya kumallo ba. Ba a samun wannan a zauren lacca. Ana samunsa ne a ƙarƙashin idon tsohon malami, a ajin gwaji, da maimaitawa, da gyara. Domin haka aka gina makarantun horon malamai irin Kawsan ta Tawa, domin haka kuma aka tanadi jarrabawar da sufeto ke zuwa ya zauna a bayan aji ya ga darasi da idonsa.

Sai dai gaskiya ba ta tsaya nan ba. A 2014 binciken PASEC, wanda ya auna ɗaliban ƙasashe 10 masu amfani da Faransanci, ya nuna cewa a Nijar ko ɗaya cikin goma na ƴan ajin ƙarshe na firamare bai kai matakin da ake bukata a karatu ba. A watan Yulin 2017, zamanin minista Daouda Mamadou Marthé, aka yi wa dubban ƴan kwantaragi jarrabawa a kan Faransanci da lissafi, duk da kiran ƙauracewa da wasu ƙungiyoyin malamai suka yi. Kimanin ɗaya cikin uku ne suka samu rabin maki. Da yawa daga waɗanda suka faɗi ba daga titi aka kwaso su ba, suna riƙe da takardar kammala makarantar horon malamai. Ma'ana, takardar aikin ita ma an zubar mata da daraja: an sassauta ƙofar shiga, an taɓa gajarta lokacin horo, an bar masu neman riba sun shiga harkar, aka riƙa buga hatimin «ya iya koyarwa» a kan wanda bai mallaki abin da zai koyar ba. A kwaleji an sami sani babu izini, a firamare an sami izini babu sani. Kuma laifin ba na yarinyar da ta karɓi alli don ta ci abinci ba ne. Wanda ya sa hannu a takardarta, ya tura ta ƙauye, ya riƙe mata ɗan abin da ake biyanta wata da watanni, sa'an nan ya dawo bayan shekara goma yana mamakin rubutunta, shi ya kamata a fara yi wa jarrabawa.

Abin lura shi ne, masu faɗa a ji sun san bambancin nan sarai idan abin ya shafi sana'arsu. Tsangayar shari'a da tattalin arziki ta jami'ar Tawa tana yaye ɗalibai kowace shekara, amma ba wanda ke fita daga bikin yaye ɗalibai ya sa baƙar riga ya tsaya gaban alƙali. Sai ya ci jarrabawar shiga aikin lauya, ya yi shekarun koyon aiki a ofishin wanda ya riga shi, ya yi rantsuwa, an rubuta sunansa a jerin ƙungiyar lauyoyi, wadda ke da ikon hukunta shi. Mai masta a ilimin lissafin kuɗi ba ya sa hannu a kan asusun kamfani sai ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta karɓe shi. Alƙali sai ya ratsa makarantar aikinsa bayan digiri. Likita da mai haɗa magunguna suna da ƙungiyoyinsu. Duk inda kuɗin mai kuɗi ko ƴancin babban mutum ke cikin haɗari, an gina katanga an sa mai gadi. Inda kuwa abin da ke cikin haɗari ƙwaƙwalwar ɗan manomin Barmu ce, an bar ƙofa a buɗe ko ƙyaure babu.

Ɗaya fuskar ruɗanin ita ce raini. Tun da aka ɗauka cewa takarda ɗaya ce, sai aka jera su a tsani guda, digiri a sama, takardar sana'a a ƙasa, kamar dai CAP na gyaran lantarki wani guntun lisans ne da bai nuna ba. Ana tura yaro cibiyar koyon sana'a ne bayan ya faɗi jarrabawa, cikin jin kunya, kamar mai zuwa zaman makoki. Lise ta fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, da makarantar aikin gona ta Kollo, da makarantun kiwon lafiya na Yamai da Damagaram, sun yaye mutanen da ƙasa ke tsaye a kansu, amma a zauren ɗaurin aure ana gabatar da mai masta marar aiki kafin su. Cibiyoyin fasaha na jami'a da suka fara aiki a Tawa da Maraɗi da Damagaram a 2008 an yi su ne don horo gajere mai kai wa ga aiki. Shekara biyu bayan haka, a 2010, aka kafa cikakkun jami'o'i a garuruwan uku, a 2014 aka ƙara huɗu a Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Samun jami'a a Tawa, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin da ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa, alheri ne babba, kuma ɗiyan talakawa da yawa, musamman mata, da ba za su iya zaman Yamai ba sun yi karatu saboda ita. Amma tun da tsanin albashi shekaru yake ƙirgawa, mai takardar shekara biyu ba ya samun natsuwa sai ya mai da ita lisans, mai lisans sai ya kai masta. Wani Baturen Ingila, Ronald Dore, ya yi wa wannan ciwo suna tun 1976, cutar dipulom, kuma ya lura cewa ta fi tsanani a ƙasashen da makarantar zamani ta zo musu a makare. Maƙwabta a Najeriya sun daɗe suna fama da irinta, tsakanin masu babbar difloma ta kwalejin fasaha da masu digirin jami'a, har majalisar dokokinsu ta zartar da ƙudurin soke bambancin a 2021.

A halin nan kuwa, idan famfon rijiyar burtsatse ya tsaya a wani ƙauyen arewacin Adar, inda ruwa ke da nisa a ƙarƙashin ƙasa, mata su koma tafiyar sa'o'i da jakuna har a samo mai gyara daga birni. Farantan sola sun cika rufin shaguna da masallatai, amma wanda zai haɗa su yadda batir ba zai mutu cikin wata shida ba sai an yi sa'a. Samarin da suka koyi gini da tayil da walda a Abijan ko Aljeriya sun dawo da hannu mai kyau, ba su da ko ƙyallen takarda da zai shaide su, don haka ba su isa su nemi kwangilar gina aji biyu a garinsu ba. Sai wani mai takardu daga birni ya karɓa, ya ɗauke su lebura.

Ƙasar Adar tana da amsar da ta isa ta rufe bakin masu wannan raini. A garin Yama, wani magini manomi, Alhaji Falke Barmu (sunansa ya zo ɗaya da na garin da aka fara zancen nan da shi), ya gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, tare da gayyar mutanen gari. Daga 1975 ya sake masa rufi a kan bakuna, ya ɗora ƙubba a tsakiya, ya tayar da hasumiya huɗu a kusurwoyi, kowace da siffarta, aka kammala a 1982. A 1986 masallacin ya sami kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine, wadda manyan masu zanen gini na duniya ke fafutukar samu. Da a ce wannan bawan Allah ya nemi aikin koyar da gini a wata makarantar gwamnati, da dokar ɗaukar ma'aikata ba ta san inda za ta ajiye shi ba, ko a matakin D. Haka matan Kaita, waɗanda tun daga 1984 suka ɗauki duwatsu a ka suka gina shingayen tare ruwa a kan tuddai lokacin da mazansu ke wajen biɗa. Da yawansu sun san gangaren ƙasa da halin ruwan kwari fiye da mai riƙe da taswira, kuma ba wanda ya taɓa tunanin rubuta musu shaida.

Za a ce, to ai ke nan takarda banza ce, a bar kowa da hannunsa. Wannan magana ta fi ta farkon haɗari, kuma masu yin ta a majalisun shayi su tuna da mai tallar ƙwayoyi a faranti ranar kasuwa, wanda ke ba da maganin hawan jini da na tari bisa launin kwali, da mai allurar bayan gida da ya gurgunta ƙafar yaro. Su ma «sun iya», a ganinsu da na abokan cinikinsu. Falke Barmu bai zama gwani don rashin takarda ba. Ya zama gwani ne don ya koya, kuma ginin da ya yi yana tsaye kowa na iya zuwa ya duba. Izini an yi shi ne don kare wanda ba shi da hanyar dubawa kafin ɓarna ta auku: majinyaci, da ɗalibi, da mai ƙara. Abin da ake bukata hanya ce da za a gwada mai hannu a ba shi shaidar da ta dace da shi. Faransa kanta, wadda aka kwaikwayi tsaninta, ta kafa doka a 2002 da ke ba mutum damar samun takarda bisa ƙwarewar da ya tara a wurin aiki, bayan ya bayyana gaban kwamiti. A Jamus kuwa takardar ubangidan sana'a abin alfahari ce, a wasu sana'o'in ma ba a buɗe shago sai da ita.

Za a kuma ce, to jami'a ta koma koyar da sana'a mana. Wannan ma kuskure ne, kuma tun da ƙasashen UEMOA suka rungumi tsarin lisans, masta, dokta a 2007, an ga yadda ake manna kalmar «na sana'a» a jikin kowane digiri, ko da ɗalibin bai taɓa taka wurin aiki ba sai don neman sa hannu a takardar sitaj. Jami'a tana da aikinta da babu mai yi mata: ta koya wa mutum shakka, da bin diddigi, da karanta abin da ba a sa shi ba, ta adana tarihin Adar da nahawun Hausa da ilimin taurari ko da babu kamfanin da ke neman su. Ƙasar da ta rasa wannan za ta zama mai gyaran injin wasu har abada. Mutumin da babbar jami'ar ƙasa ke ɗauke da sunansa tun 1992, Abdou Moumouni, ya riƙe duka biyun bai rikita su ba. Ya ci agregasiyo a 1956, wadda gasa ce ta shiga aikin koyarwa, ya kuma sami babban digirin dokta a kimiyyar fiziya a 1967. Ya shugabanci ofishin makamashin rana, inda ake ƙera tukwanen dumama ruwa da hannu, kuma littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka ya soki makarantar mallaka daidai a kan raba karatu da aiki, da kuma watsar da harsunan gida. An ɗauki sunansa an liƙa a ƙofa, an bar littafin a kan kanta.

Zancen harsunan gida kuwa shi ne gwajin da ke tafe, kuma ya shafi ƙungiyoyin al'adu kai tsaye. Kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. In har za a mai da wannan aiki a cikin aji, tambayar farko ita ce wa zai koyar. Tsohuwar fatawar tana nan tana jira da sabuwar riga: duk wanda ya sha Hausa a nono zai iya koyar da ita. Wata kuma za ta fito daga ɗaya gefen: a ba masu digirin kimiyyar harshe. Na farko bai san inda ake raba kalma ba, bai san ƙa'idar rubutun da aka tsayar a 1999 ba, zai rubuta ƙ da k yadda ya ga dama. Na biyu ya san karin sauti da tsarin jimla, amma bai taɓa koya wa ɗan shekara shida riƙe alli ba. Ƙasar tana da gogewar da ta faro tun 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma wasu daga malaman da suka yi wannan aiki, da jami'an yaƙi da jahilci da suka shekara suna karantar da manya a ƙauyuka, suna nan da ransu, sun yi ritaya, ba mai tambayarsu kome. Su ne gwanayen da ya kamata su zauna a kwamitin da zai gwada sabon malamin Hausa, tare da malaman tsangayar ilimin tarbiyya ta Tawa, a cikin aji na gaske mai yara na gaske, kafin a ba shi izini.

Ƙungiyoyin malamai sun yi shekaru suna gwagwarmaya a kan albashi da lambar aiki, kuma haƙƙinsu ne. Abin da ba su nema da irin wannan ƙarfi ba shi ne ikon tsaron ƙofar sana'arsu, yadda lauyoyi ke tsaron tasu: su ce ba mai shiga aji, ko da dokta ne, sai ya yi horo an gan shi yana koyarwa, kuma ba mai riƙe izinin har abada ba tare da sabuntawa ba. A Najeriya an kafa hukumar rajistar malamai tun 1993, ko da yake ta daɗe kafin a fara jin ƙarfinta. Wannan bukata tana da tsada ga ƙungiyar da ta ɗauke ta, domin wata rana za ta tilasta mata ta ce wa ɗanta mai biyan kuɗin ƙungiya bai isa ba. Shi ya sa a 2017 aka bar wa minista wuƙa da nama, ya yi jarrabawar yadda ya so, a ranar da ya so, malamai suka tsaya a waje suna jayayya a kan ko za a shiga ɗakin ko ba za a shiga ba.